Noman bene: amsa ga masu tambayar ko su zuba kuɗinsu

Tambayoyin nan sun ishe ni, a waya da wajen ɗaurin aure duk su ne. Ga amsa wuri guda.

Wai mene ne noman benen nan?

Shuka ganye a kan kantoci hawa-hawa cikin rufaffen gini. Saiwa na cikin ruwa mai sinadarin taki, fitilun LED ne a madadin rana. Shi ke nan.

Ana samun riba?

Manyan dai sun sha ƙasa. AeroFarms ta Amurka ta je kotu neman kariyar karayar arziki a 2023. Bowery, da aka yi wa ƙimar dala biliyan 2.3 a 2021, ta rufe a 2024. Plenty, wadda ta tara dala miliyan 200 a 2017 da jagorancin kamfanin zuba jari na SoftBank, ta bi sahun AeroFarms a 2025. Kuma fa waɗannan a ƙasar da ba a ɗauke wuta suke.

Me ya karya su?

Kuɗin wuta, da tsadar gini, da albashi. Fitila na ci, na'urar sanyaya ɗakin da fitilar ta ɗumama ita ma na ci, abin sayarwar kuma latas ne.

Ba za a noma masara ko shinkafa a ciki ba?

Haba malam. Buhun nawa za ka sayar?

Amma na ga bidiyon gonar benen Dubai.

Kowa ya gani. Bustanica ce, an buɗe ta a 2022. Dubai hamada ce, yawancin abincinta daga waje yake zuwa, kuma kamfanin da ke dafa wa jiragen Emirates abinci ne mai gonar, wato mai saye na nan a hannu. Kai kuwa da mai fadamar bakin Kogin Kaduna za ka yi gasa, wanda rana ke yi wa aiki kyauta, gari na wayewa alayyafonsa ya isa Kasuwar Bacci.

Wani ɗan'uwa zai kafa irinta a nan Kaduna, ya ce in shigo da jari. In shiga?

To, nan ba zan ce a'a kai tsaye ba. Fara tambayarsa: rufin leda ne da rana ke ratsawa, ko rufaffen ɗaki mai fitila? Mutane na haɗa su, alhali ba ɗaya ba ne. In na leda ne, na tumatir ko tattasai, akwai magana, musamman da damina lokacin da kwandon tumatir ke tashi, ko da yake shi ma ƙwari da zafin Maris da Afrilu na iya cinye ribar shekara. In na fitila ne, ya nuna maka lissafin wuta a rubuce. Tun Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kan kowane yunit, an kuma yi ta taɓa shi daga baya; in an ɗauke sai dizal, domin shukar ba ta jiran NEPA. Zai ce sola. Mai yiwuwa, amma ya saka kuɗin batir da na sauya shi. Sannan wa zai saya? Ba "otal-otal na Abuja" a baki ba, takardar yarjejeniya nake nufi. In duk ya kawo waɗannan, kuɗin kuma ba na makarantar yara ba ne, kana iya gwada kaɗan. In ya fara fushi don ka yi tambaya, ka riƙe kuɗinka, zumunci ba zai lalace ba.

An ce ribar kashi 20 duk wata, tabbas.

Ba mu daddara da MMM da CBEX ba ke nan? Gona ba ta da tabbas. Duba ko suna da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan harkar zuba jari, sannan ka tambayi malaminka hukuncin jarin da aka lamunce wa riba.

Zan iya sayen hannun jarin kamfanonin noman benen ta waya?

Yawancinsu ba sa kasuwar hannun jari. Ɗaya daga cikinsu, Kalera, ta shiga kasuwar Nasdaq ta Amurka a 2022, ta je kotun karayar arziki a 2023.