Katin uwa ba ya isar wa jariri har abada

A unguwannin zango na Gana, daga Nima har Kumasi, an daɗe ana cewa tunda uwa tana da katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa, jaririnta ma ya samu. Ba haka ba ne. Tun 2008 ake kula da masu juna biyu kyauta, jariri kuma yana cin albarkacin katin uwarsa na wata uku kacal.

Abin da ke damuna, hidimar suna da wankan jego kan mantar da mutane. Sai zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare, uwa ta miƙa katinta, a ce mata ba nasa ba ne. Yaro ɗan ƙasa da shekara 18 an yafe masa kuɗin inshorar, amma sai an yi masa rajista da sunansa.