Waiwaye: Awon siffar duniya, daga inuwar rana zuwa bututun ruwan Damagaram

Duk mai awon fili da ya taɓa ɗora lambobin GPS a kan tsohuwar taswirar Damagaram ya san ba sa faɗawa wuri guda. Tazarar takan kai gomman mitoci. Na'urar lafiyarta lau, taswirar ma ba ta yi ƙarya ba. Kowace da irin siffar duniyar da aka gina lissafinta a kai.

Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Eratostin ya gwada inuwar tsakar rana a Aswan da Iskandariyya, ya sami bambancin digiri 7.2, kashi ɗaya cikin 50 na da'ira ke nan, da shi ya lissafa kewayen duniya. Halifa Ma'amun ya sa aka auna tsawon digiri guda a filin Sinjar wajen 830. Dukansu ƙwallo sumul suka ɗauki duniya.

Agogo ne ya tona asiri. A 1672 Jan Rishe ya kai agogo mai lilo daga Faris zuwa Kayen a Amurka ta Kudu, kusa da layin tsakiya da ya raba duniya arewa da kudu, sai ya riƙa yin baya da kimanin minti biyu da rabi kullum, don ƙarfin jan ƙasa ya fi rauni a can. A 1687 masanin Ingila Niyuton ya ce duniya ta kumbura a tsakiya, ta ɗan lotsa a ƙuryar arewa da kudu, kamar lemun da aka danna. Tawagogin da Faransa ta tura Peru a 1735 da Laplan a 1736 suka gaskata shi. Awon yau: kilomita 6,378 daga cibiyar duniya zuwa layin tsakiya, 6,357 zuwa ƙurya.

Lokacin da tawagar hafsan Faransa Tilo ta shata iyakar Nijar da Najeriya daga 1906, da taurari da agogo ake gano wuri. Taswirorin da suka biyo baya a yankin nan an ɗora su kan siffar lissafi da ake kira Clarke 1880, GPS kuwa wata siffar, WGS84, yake bi. Shi ya sa kafin a taɓa komai ake karanta gefen taswira, a ga tsarin da aka rubuta, a saita na'ura da shi.

Matsalar da ta fi cin kuɗi tana wajen tsayi. GPS daga wannan siffa sumul ta lissafi yake auna tsayi, alhali ruwa ba ruwansa da ita, jan ƙasa yake bi. Matakin da teku zai kwanta a kai, da a ce ya ratsa ƙarƙashin ƙasashe, shi ne jiyod, kuma yana hawa da sauka gwargwadon nauyin duwatsun ƙasa: ya nutse fiye da mita 100 kudu da Indiya, ya ɗaga kusan 85 a wajen Niyu Gini. A yankinmu ya ɗaga da wajen mita 20, ba kuma daidai yake ko'ina ba. Tagwayen taurarin ɗan'adam na GRACE, daga 2002 zuwa 2017, sun auna ƙarfin jan ƙasa ta lura da yadda tazarar kilomita 220 da ke tsakaninsu ke sauyawa, sannan GOCE na Turai ya ƙara tace shi daga 2009 zuwa 2013.

Damagaram a kan dutse take zaune, ruwanta daga nesa ake jawo shi, irin su Gogo da Arunguza. A aiki irin wannan, wanda ya cakuɗa tsayin GPS da na tsofaffin turakun siminti, waɗanda aka kafa don alamar tsayi, zai iya zana gangaren da babu shi, kuma a magudanar da ke gangara kaɗan, santimita goma ma ta isa ta kwantar da ruwa.

Don haka har yau ba a yar da na'urar daidaito da sandar awo ba. Ana farawa daga turken da aka san tsayinsa, a kafa na'ura daidai tsakiyar sanduna biyu, kada kowace ta wuce mita 50, domin lanƙwasar duniya kaɗai tana jawo kuskuren kusan santimita 8 a kilomita guda, daidaita nisan ne ke soke shi. Da rana tsaka a watan Afrilu lambobin sanda rawa suke yi saboda hucin ƙasa, gara a yi da sassafe. Idan an kai ƙarshe a komo turken farko, in lissafi bai rufe ba a sake.