Waiwaye: Yadda Ɗakin Ɗalibi Ya Koma Hannun Masu Gidan Haya a Arewacin Kamaru

Duk wanda ya bi hanyar Garwa daga Ngaundare a farkon watan Oktoba, da ya yi tafiyar kamar kilomita 15 zai iske Dang, garin da jami'a take, ta cika ta batse. Motoci suna sauke katifu, ga buhun gero ko na masara, ga jarkar man gyaɗa, ga uwaye mata tsaye a bakin titi riƙe da ledar kuka da daddawa suna jiran ɗan da ya shiga lungu neman ɗaki. Sababbin ɗaliban Jami'ar Ngaundare ke nan. Kafin yaro ya san ƙofar ajinsa, sai ya fara sanin mai gidan haya. Da ba haka abin yake ba.

A 1962 aka buɗe jami'ar farko ta ƙasar a Yawunde, kuma shekaru da yawa ita kaɗai ce. Ɗan Arewa da ya ci jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, dole ya yi kudu. Tun daga 1974, da layin dogo ya iso Ngaundare, jirgin ƙasa ne ke kwashe su. A wancan zamani ɗalibi ɗan gatan gwamnati ne: ba ya biyan kuɗin karatu na a zo a gani, ana ba shi bursi, wato kuɗin tallafin karatu, duk wata, akwai gidan cin abinci na ɗalibai mai rahusa, akwai ɗakunan kwana na jami'a a Ngowa-Ekele, unguwar da jami'ar take a Yawunde. Dattawanmu da suka ga lokacin suna ba da labarin yadda ɗalibi kan rage wani abu daga bursinsa ya aika wa mahaifiyarsa. Amma a faɗi gaskiya, 'yan ƙalilan ne daga cikinmu suka ɗanɗani wannan gata, domin a lokacin yawancin gidajen Hausawa allo da kasuwa suka sani, boko kuwa ana yi masa kallon nesa.

A 1977, zamanin Ahmadu Ahijo, aka yi dokar kafa cibiyoyin jami'a a wajen Yawunde, har da ta Ngaundare, wadda ta fara aiki a 1982 a Dang. Ƙaramar makaranta ce ta koyon sarrafa abinci da amfanin gona, ɗalibanta ba su da yawa, ɗakunan da aka gina sun dace da su. Dang da maƙwabciyarta Bini kuwa ƙauyuka ne na noma da kiwo a gefen tafki.

Shekarar da ta juya komai ita ce 1993. Tattalin arziki ya riga ya durƙushe tun ƙarshen shekarun 1980, jami'ar Yawunde ta cika har ta fi ƙarfin kujerunta. A watan Janairu gwamnatin Paul Biya ta mayar da jami'o'in gwamnati shida, Ngaundare ta zama cikakkiyar jami'a. A cikin wannan gyara ne aka soke bursi, aka sa kuɗin rajista sefa dubu 50 a shekara. A wannan shekarar aka zabtare albashin ma'aikata har sau biyu, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. An kawo mana jami'a ƙofar gida daidai lokacin da gwamnati ta janye hannu daga ciyar da ɗalibi da kwanansa.

Ɗalibai suka riƙa kwararowa daga Garwa, Marwa, Kuseri, daga kudu, da kuma daga Cadi, waɗanda yawansu a Dang ba ɓoyayye ba ne. Ɗakunan jami'a ba su ƙaru yadda mutane suka ƙaru ba. Sai masu hali suka ga kasuwa: 'yan kasuwa, ma'aikata, har da malamai suka sayi gonaki suka jera ɗakuna. Su ne ake kira mini-site, kowanne da sunansa a rubuce a jikin katanga. Ba na zargin wanda ya gina, domin ba don su ba da dubban yara ba su sami inda za su sa haƙarƙarinsu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne an bar ɗalibi da mai gida su biyu, babu mai tsayawa tsakani.

Na ga wannan da idona lokacin da na raka ɗiyar yayata. Ɗakin da aka nuna mana, in ka shimfiɗa katifa ka ajiye tebur, sauran wurin sallaya ce kawai za ta shiga. Makewayi ɗaya ne na jerin ɗakuna goma sha biyu, maza da mata. Mai kula da gidan ya ce kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, ba a wata-wata. Na tambaye shi ruwa, ya nuna mini rijiya ya ce ba ta ƙafewa. Da rani ya yi tsanani ta ƙafe. Yarinyar ta kira ni da asuba tana cewa, "Kawu, tun ƙarfe huɗu nake layi da bokiti, kuma ƙarfe bakwai da rabi muke da aji." Kuɗin kuwa sun riga sun shiga aljihu.

Abin da ke riƙe sabon ɗalibi a irin wannan hali shi ne zumunci. Yayyen da suka riga shi zuwa su ke tarbarsa a tasha, su kwantar da shi a ɗakinsu mako biyu ko uku, su nuna masa inda ake rajista da inda ake sayen tuwo mai arha. Ɗaliban gari ɗaya suna da ƙungiyoyinsu. Mutum uku su haɗa tukunya ɗaya, wannan ya kawo gari, wancan ya kawo mai. Da azumi ana haɗa buɗa-baki a masallaci. Bahaushen da ya taso da Hausa da Fulatanci, a tsakar gidan haya yake goge Faransancinsa, ya tsinci Larabcin Cadi a wajen maƙwabci. Yaron Marwa kuma a nan yake fara sanin menene sanyi, don Ngaundare a kan tudu take, hunturunta ba ya wasa.

Da aka kafa Jami'ar Marwa a 2008, labarin ya maimaita kansa, har ya fi. An fara karatu kafin gine-ginen mazaunin jami'ar a Kongola su kammala, azuzuwa a warwatse cikin gari, ɗalibai suka bazu a Domayo da sauran unguwanni suna haya, cikin zafin da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, suna biyan kuɗin mashin safe da yamma. Bayan hare-haren bam na Yulin 2015 a garin, iyaye suka ƙara ɗari-ɗari da barin yaro a gidan da ba su san maigidansa ba.

Mata ne wannan ya fi dokewa. Na san iyaye da ba su da ƙiyayya da karatu ko kaɗan, amma da suka ji 'yarsu za ta kwana a gidan da babu mai gadi, babu katangar kirki, sai suka ce ta haƙura. Takardar bak tana cikin akwati, aure ya biyo baya.

A Janairun 2022 aka kafa Jami'ar Garwa, ta uku a Arewa. Tun kafin a gama murna, masu fili a kewayen gari suka fara auna ƙasa da igiya. Ɗiyar yayata kuwa a shekara ta biyu ta koma wani gida mai famfo da ƙofar ƙarfe, su uku a ɗaki ɗaya, bayan mahaifinta ya sayar da bijimi ya biya kasonta.