Dokar Tarayyar Turai da ta hana bankuna rufe wa makafi ƙofar tsaro

Makaho mai aiki da manhajar karanta allo, irin su NVDA, JAWS ko VoiceOver, yakan faɗa hannun masu kutse ta ƙofar da aka gina don tsaronsa. Shafin banki ya ce a gane karkatattun haruffa cikin hoto, ko lambar tabbatarwa ta mutu kafin manhajar ta gama karanto ta; dole ya kira mai ido. Daga nan kalmar sirri ta bar hannun mai ita.

Wannan ɓaraka na cikin abin da dokar Tarayyar Turai mai lamba 2019/882 ta zo toshewa. Ta fara aiki ranar 28 ga Yuni 2025, ta kuma shafi bankuna, cinikin intanet da na'urorin cire kuɗi. Ta ce hanyoyin tantance mutum, matakan tsaro da na biyan kuɗi, wajibi ne su zama waɗanda mai naƙasa zai gane ya sarrafa da kansa. Ba a sassauta tsaron ba. Dokar biyan kuɗi ta 2015 tana nan da sharaɗinta na shaida biyu cikin uku: abin da ka sani, abin da ke hannunka, ko jikinka, kamar zanen yatsa.

A aikace, ma'aunin da ake dubawa shi ne ƙa'idojin WCAG, wato ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet. Gwajin hoto dole ya zo da madadi, misali na sauti. In akwai wa'adi, a gargaɗi mutum, a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari, sai fa inda wa'adin ya zama tilas. Bugun 2.2 na Oktoban 2023 ya ƙara da cewa kada a tilasta haddace ko kwafe kalmar sirri ba tare da mafita ba, wato a bar mutum ya liƙa ta, ko manhajar adana kalmomin sirri ta cike masa. Wannan shi ne mafi amfani. Wanda ke buga haruffa 16 alhali manhajar karanta allo ba ta faɗa masa abin da ya buga, zai gaji ya koma gajeriyar kalma ɗaya a ko'ina, kuma ita masu kutse ke fara gwadawa.

An keɓe ƙananan kamfanonin hidima masu ma'aikata ƙasa da 10 da cinikinsu bai wuce Yuro miliyan 2 a shekara ba. Ƙorafi kuwa ana kai shi ga hukumar da kowace ƙasa ta naɗa.

Dokar ba ta kai ga shafin bogi ba, don ɓarawo bai san doka ba. Adireshin da aka musanya wa harafi ɗaya yakan yi kama da na gaskiya a kunne, musamman ga mai saurare da sauri, don haka a sa manhajar ta karanto shi harafi-harafi kafin a buga komai. Haka ma ƙarin manhajojin da ake ɗora wa NVDA: suna iya taɓa duk abin da mai kwamfutar ke taɓawa, har da abin da yake bugawa, saboda haka kada a ɗauko su sai daga inda aka amince da shi.