Harɗaɗɗen Aikatau a Turanci

Harɗaɗɗen aikatau, wanda masu nahawun Turanci ke kira *phrasal verb*, shi ne aikatau da aka haɗa da wata 'yar kalma kamar *up*, *off*, *out* ko *in*, su biyun su ba da ma'ana ɗaya. Sau da yawa ma'anar ba ta fitowa daga kalmomin in an raba su: *give* bayarwa ce, *up* kuma sama, amma *give up* na nufin miƙa wuya ko daina abu. Mai jin Hausa ba zai yi mamaki ba, tunda wanda ya ci amana ko ya sha kashi babu abin da ya sa a baki.

Tarihi

Tsohon Turanci, na kafin ƙarni na 12, ya fi amfani da ɗafa-goshi, wato 'yar kalmar tana manne a gaban aikatau. Cikin ragowar wannan tsari akwai *understand* da *forgive*. Jamusanci har yau yana riƙe da wani abu makamancin haka: *aufgeben* kalma ɗaya ce, amma a cikin jimla sai ta rabu, *auf* ta koma ƙarshe. A Turanci ɗafa-goshin ya yi ta rauni, 'yan kalmomin suka koma bayan aikatau, kuma ana ganin sauyin ya kankama ne tsakanin ƙarni na 12 da na 15.

Wasu masana na danganta shi da harshen mutanen Arewacin Turai da suka zauna a gabashi da arewacin Ingila tun ƙarni na 9. Wasu kuma na cewa Turancin ne ya sauya da kansa. Ba a kai ga matsaya ba.

Bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, Latinanci kuma na coci da malamai. Shi ya sa ma'ana guda kan samu kalma biyu: *give up* da *surrender*, *find out* da *discover*, *put off* da *postpone*. Ta farko ta kasuwa ce da cikin gida, ta biyu ta takarda. Wannan rabon ya daɗe yana sa ana yi wa harɗaɗɗen aikatau kallon maganar talaka.

Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya ce irin wannan haɗi shi ne ya fi wahalar da baƙon harshe. Cikin misalansa akwai *fall on*, kai hari, da *give over*, dainawa, da *take off*, wanda ya fassara da kwafar abu. Yau in an ce *take off* tashin jirgin sama ne ke fara zuwa a rai, ko tuɓe riga. Sunan *phrasal verb* kuwa bai bazu ba sai bayan da Logan Pearsall Smith ya yi amfani da shi a 1925, kuma shi da kansa ya ce daga wurin Henry Bradley, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamus na Oxford, ya samo shi. Dwight Bolinger ya fitar da littafi sukutum a kan batun a 1971.

Tsari

Wasu ana iya raba su: *turn off the light* da *turn the light off* duk daidai ne. In karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, wakilin suna ne kamar *it*, dole ya shiga tsakiya, a ce *turn it off*. Wasu, kamar *look after*, kula da wani, ba sa rabuwa. Akwai masu kalma uku, kamar *put up with*, haƙuri da abu. Da yawa sun zama suna, irin su *breakdown* da *login*, inda ƙarfin furuci ke komawa gaɓar farko.

Abin da Turanci ke yi da kalma biyu, Hausa kan yi shi da wasalin ƙarshe: *go out* fita, *come out* fito.

Bambancin ƙasashe

A garuruwan masaƙu na arewacin Ingila, kafin agogo mai ƙararrawa ya wadata, akwai mai sana'ar tashin ma'aikata da asuba. Yakan bi gida-gida da doguwar sanda yana ƙwanƙwasa tagar bene, ana biyansa 'yan kuɗi duk mako. Aikinsa shi ne *knock up*. A Amurka wannan furuci na nufin yi wa mace ciki, kuma magana ce ta rashin ladabi, don haka Bature ɗan Ingila da ya yi wa baƙuwa alkawarin tashinta da safe yana iya jawo wa kansa abin kunya. Takardar cikewa ma, ɗan Ingila ya fi cewa *fill in*, ɗan Amurka *fill out*.

A Turancin Najeriya akan yar da aikatau ɗin, 'yar kalmar ta ɗauki aikinsa, a ce *off the light*. Ana kuma jin *cope up with*, wanda malaman makaranta ke gyarawa zuwa *cope with*.