The Funkees

The Funkees ƙungiyar makaɗan rock ce daga gabashin Najeriya, wadda tauraronta ya haska daga ƙarshen yaƙin basasa a 1970 zuwa 1977. Kiɗanta gauraye ne: jitar lantarki da salon funk na Amurka, an ɗora su a kan ganguna irin na ƙasar Ibo. Da Turanci suke waƙa, wani lokaci da Ibo.

Harry Mosco, makaɗin jita, shi ne jigon kafa ta. A wancan lokaci gabas ta fito daga yaƙi hannu babu komai, kayan kiɗa sun yi wuya, sojoji ne masu ɗan abin kashewa a gidajen rawa, don haka yawancin ƙungiyoyin yankin a inuwarsu suka tashi. Garin Aba ya zama matattararsu. Mohammed Ahidjo ne ke jan waƙa, Chyke Madu na kan ganguna, Sonny Akpan na buga konga da tafin hannu, Danny Heibs na riƙe da jitar bass. Daga baya Jake Sollo ya shigo daga ƙungiyar The Hykkers, kuma kukan jitarsa ne mutane suka fi tunawa.

A 1973 suka koma Landan. Can suka samu karɓuwa wajen 'yan Afirka ta Yamma da 'yan Karebiyan, har aka naɗi kiɗansu a BBC don shirin John Peel, shahararren mai gabatar da kiɗa a rediyo. Sun fitar da faifai biyu, Point of No Return a 1974 da Now I'm a Man a 1976. Saɓani ya shiga tsakaninsu, a 1977 kowa ya kama gabansa.

Abin lura, bayan rabuwar ne wasunsu suka fi yin suna. Mosco ya ci gaba shi kaɗai, ya karkata ga disko da reggae, ya fitar da faifan Country Boy a 1978, sannan Sugar Cane Baby. Ya rasu a 2012. Sollo ya ɗan zauna da ƙungiyar makaɗa ta Osibisa, sannan ya dawo gida ya zama furodusa da ake rububi. Shi ya tsara wa mawaƙi Felix Lebarty faifan Lover Boy. Haɗarin mota ya yi ajalinsa a 1985. Akpan kuwa ya ci gaba da buga konga a Ingila, tare da mawaƙi Eddy Grant da ƙungiyar African Head Charge.

A 2012 kamfanin Soundway ya tattara tsofaffin waƙoƙinsu ya sake fitar da su da sunan Dancing Time.