Waiwaye: Yadda Hausa Ta Zama Abin Horo a Makarantar 'Yan Mata ta Mishan

A shekarun da na yi ina koyarwa a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta kwana, wadda wata coci ke gudanarwa a wannan yanki namu na Sakkwato, akwai wata 'yar takarda da ba ta rabuwa da aljihun shugabar kowane aji. A kanta ake rubuta sunan duk yarinyar da aka ji ta yi magana da banakula, wato kowane harshe da ba Turanci ba, ranar Juma'a kuma a karanta sunayen a filin taro, a raba wa masu su tsintsiya da bokiti. Da almuru, bayan an ci abinci, waɗannan 'yan matan ne dai za su cika ɗakin sujada suna rera waƙoƙin yabo da Hausa, muryoyinsu har bakin titi, shugabar makaranta tana tsakiyarsu tana tafi. Na daɗe ina tambayar kaina yadda aka yi harshen da ake roƙon Allah da shi da dare ya zama abin horo da hantsi, kuma amsar tana can baya da nisa, gabanin a aza tubalin wannan makaranta.

Karatun mata a Sakkwato ya girmi boko. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji, wato malamai mata da ta horar, ke ɗaukar waƙoƙinta suna kai wa matan ƙauyuka. Abin lura a aikinta shi ne ta ware wa kowane harshe wurinsa: Larabci ga malamai, Fulatanci ga dangi da makusanta, Hausa kuwa ga jama'ar da ake son saƙo ya shiga zuciyarsu. Ke nan tambayar da wane harshe za a karantar da 'ya mace ta riga ta sami amsa ɗaya a wannan birni tun kafin Bature ya iso.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga, shugaban Turawan mulkin Arewa, ya yi alkawarin gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin jama'a ba, kuma bisa wannan alkawari aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi na tsawon shekaru. Saboda haka aikin mishan ya fi kafuwa a kudancin Zazzau da tsaunukan Filato da ƙasar Zuru, sannan a unguwannin baƙi na garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa, kamar Gusau, da yake layin dogo ya tsaya a Kaura Namoda a 1929 bai ƙaraso Sakkwato ba. A nan kusa da mu, ƙofar da aka fara buɗe wa mishan ta jinya ce, wato asibitin kutare na Amanawa da ƙungiyar mishan ta SIM ta riƙe. Ɗariƙar Katolika ta zo a makare: limaman Dominikan daga Amurka suka karɓi yankin a shekarun 1950, sistocin Dominikan suka sauka Gusau a 1956, sai a 1964 Sakkwato ta zama cikakkiyar dayosis.

Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka mishan da Turanci tare suka zo, hannu da hannu. A Arewa ba haka abin ya kasance ba. 'Yan mishan suna cikin mutanen farko da suka zauna suka rubuta Hausa da baƙaƙen boko. J. F. Schön na ƙungiyar mishan ta CMS ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Likita Walter Miller, wanda ya zauna cikin birnin Zariya kafin mishan ɗin ya koma Wusasa, yana cikin jagororin fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito cikakkiya da Hausa a 1932. Bargery, mai babban ƙamus na 1934, shi ma da aikin mishan ya fara shigowa ƙasar. Da suka tarar da ƙabilu masu yawa, kowacce da harshenta, sai suka riƙi Hausa a matsayin harshen wa'azi da na ajin koyon karatu, har ta kai Badakkare daga Zuru da Bajju daga Zonkwa da Angas daga Pankshin suna iya zama kan benci ɗaya su buɗe littafin waƙoƙi ɗaya. Har gobe Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, da Hausa take taronta a yawancin majami'un Arewa, kuma kakannin ɗalibaina da yawa da Hausa suka fara haɗa baƙi.

Gwamnatin mulkin mallaka ma a kan wannan turba take. Makarantar da Ɗan Hausa, wato Bature Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara, elementare ma haka, sai yaro ya kai midil Turanci ke karɓar ragama. Karatun 'yan mata na gwamnati ya soma a Kano da Katsina a 1930, Sakkwato ta biyo baya, aka kuma buɗe cibiyar horar da malamai mata a nan a 1939. Abin da ake koya musu bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi da tsafta da ɗinki da girki da renon yara ba. Makarantun mishan na 'yan mata na wancan zamani ba su yi nisa da wannan ba, domin burinsu na farko shi ne a sami matan da za su riƙe gidajen malamai da masu bishara.

Sauyin ya zo ne da sakandare. Sistocin St. Louis sun iso Kano a 1948, kwalejin Queen of Apostles ta tsaya da ƙafarta a Kakuri ta Kaduna, gwamnatin Arewa kuma ta buɗe makarantar Queen Elizabeth a Ilorin a 1956. Wannan mataki na karatu an gina shi ne kan jarrabawar da ake tsarawa da Turanci, da farko daga Kambirij ta Ingila, daga baya a hannun hukumar WAEC da aka kafa a 1952. A daidai lokacin ne gwamnatin Sardauna ke neman 'yan Arewa da za su cike guraben aiki, ana bukatar malaman jinya da ungozomomi da malaman makaranta da akawu, kuma takardar shaidar da ke buɗe waɗannan ƙofofi ba ta samuwa sai da Turanci. Daga nan ne makarantar kwana ta ga cewa hanya mafi sauri ta sa yarinya ta iya Turanci ita ce a rufe mata bakin kowane harshe dabam, daga ɗakin kwana har bakin famfo. A ganina nan ne asalin 'yar takardar da ke aljihun shugabar aji. Jarrabawa ce ta haife ta, makarantun gwamnati ma sun yi irinta, sai dai da yake makarantun mishan sun yi suna wajen horo, sun fi kowa riƙe ta da ƙarfi.

A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan, aka sauya wa da yawa suna: Queen of Apostles ta koma Queen Amina, St. John's ta Kaduna ta koma Rimi, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kufena. Makarantun coci da muke gani yau a Sakkwato da kewaye galibinsu sababbi ne, masu zaman kansu, da kuɗin iyaye suke rayuwa. Wannan ya ƙara wa Turanci nauyi, domin uban da ya biya kuɗin zango da guminsa, abin da yake fara saurara idan 'yarsa ta dawo hutu shi ne yadda Turanci ke fita daga bakinta.

A takarda kuwa, manufar ƙasa ta daɗe tana faɗin wani abu dabam. Bayan babban taron manhaja na 1969, an fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977, aka sake duba ta a 1981 da 1998 da 2004 da 2013. Ta tanadi a fara karantar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yawo a muhallinsa a shekarun farko na firamare, a ƙaramar sakandare kuma ya koyi harshen yankinsa da ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarbanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970, inda aka karantar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida ana koya musu Turanci a matsayin darasi, ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. A nan Sakkwato ne ma aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a watan Satumba na 1999. Amma ba a taɓa samar da isassun malamai da littattafai da za su ɗauki wannan tanadi ba, kuma da sabuwar manhajar babbar sakandare ta fara aiki a 2011, darussan dole suka zama Turanci da lissafi da ilimin zaman ɗan ƙasa da sana'a guda, harsunan gida suka koma cikin na zaɓi.

Na ga yadda wannan ya yi aiki a cikin makaranta. Idan 'yan mata suka gama aji uku na ƙaramar sakandare, ana raba su gida uku: kimiyya, da fasahar harshe da zamantakewa, da kasuwanci. Masu ƙoƙari kusan duka ana tura su kimiyya, inda Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ke cika jadawali, ga darasin addinin Kirista wanda makarantar coci ba za ta ajiye ba, kuma sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta damar koyar da shi ga 'ya'yanta, kamar yadda ya hana a tilasta wa ɗalibar wani addini ɗaukarsa. Kowa idonsa na kan kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi a WAEC ko NECO, sannan Turancin JAMB da ba wanda ke tsallake shi. Idan gurbi ɗaya ya rage, Faransanci ake ba, bisa hujjar cewa iyakar Nijar a Illela ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, alhali duk wanda ya taɓa ƙetarawa Birnin Ƙonni ya san da Hausa ake ciniki a can.

Masu kare dokar Turanci zalla suna da hujjojinsu, kuma ban raina su ba. A ɗakin kwana ɗaya za ka sami 'yar Zuru da 'yar Kafanchan da Batibiya da 'yar Ibo da Bayarabiya, sai su ce Turanci ne kawai ba na kowa ba, don haka shi ne zai daidaita su. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗinsa a fili ba: wasu iyaye daga ƙananan ƙabilu suna kallon Hausa a matsayin harshen da ya danne nasu, damuwar da ta tsufa har ta kai gaban kwamitin Willink, wanda ya binciki koken ƙananan ƙabilu, a 1957 da 1958, kuma gaskiya ne yara da yawa sun tashi ba sa jin harshen kakanninsu saboda Hausa ta mamaye gida. Wannan ciwo ne na gaske. Sai dai dokar banakula ba ta warkar da shi, domin yarinyar da ta yi Dakarci ko Tibi ita ma sunanta na shiga takardar. Batun daidaitawa kuma, 'yar Ibon da aka haifa a Sakkwato, ubanta na da shago a tsohuwar kasuwa, sau da yawa ta fi ni iya Sakkwatanci.

Sakkwatancin nan shi ma wani mataki ne da ba a lissafa shi. Yarinya ta tashi tana cewa munka zo, yat tahi, shina nan, ɗiyata, jarrabawa kuwa daidaitacciyar Hausa take nema, wadda aka gina galibi kan karin Kano: muka zo, ya tafi, yana nan, 'yata. Iyaye kan ce me za a koya wa yarinya a Hausar da ta riga ta iya, amma na sha karɓar takardun da babu ƙugiya ko ɗaya a kan ɗ da ƙ da ɓ, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, daga yaran da bakinsu ya fi reza kaifi a Hausar baka. Rubuta harshe da ƙa'idarsa abu ne da sai an zauna an koya.

Abin da ya fi damuna shi ne inda waɗannan 'yan mata za su ƙare. Da yawansu aikin jinya da ungozoma da likitanci suke buri, kuma wasunsu a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a ƙananan asibitocin Wurno da Gwadabawa da Tambuwal za su tsaya. Matar da aka kawo daga ƙauye da tsakar dare ba za ta yi bayani da Turanci ba. Za ta ce naƙuda ta yi tsawo, ko jini ya ɓalle, ko a ce jijjiga ta kama ta, kuma ma'aikaciyar da ta san sunan ciwon a littafi amma aka shekara shida ana nuna mata Hausa abin kunya ce, dole ta sake koyon yadda za ta tambayi mai ciwo cikin ladabi, ta kuma fahimtar da miji abin da ya sa ake bukatar jini yanzu-yanzu. Ban taɓa cewa a rage Turanci ba, don na san abin da faɗuwa a cikinsa ke jawo wa yarinya. Abin da nake cewa shi ne malamin Bayoloji da ya tsaya minti biyu ya warware wuri mai wuya da Hausa sannan ya koma Turanci bai cuci kowa ba, kuma da yawa suna yin hakan a ɓoye idan sun tabbata shugabar makaranta ba ta kusa.

Gwamnatin tarayya ita ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A watan Nuwamba na 2022, zamanin ministan ilimi Adamu Adamu, majalisar zartarwa ta amince da manufar karantar da yara da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke ta, aka mayar da Turanci harshen koyarwa a kowane mataki. Sokewar ta shafi harshen da ake koyarwa da shi ne, ba ta hana a koyar da Hausa a matsayin darasi ba, ba ta kuma umarci kowa ya hori yarinya don ta gaisa da ƙawarta da harshen gida ba.

Kafin in bar waccan makaranta, an kawo maganar a taron malamai. Bayan doguwar muhawara aka yarda a daina karanta sunaye ranar Juma'a, a bar dokar Turanci a cikin aji da wurin taro kawai, a kuma mayar da Hausa cikin darussan zaɓi na babbar sakandare. 'Yan ƙalilan ne suka rubuta sunansu a shekarar farko, kusan dukansu daga ajin fasaha, kuma littattafan adabin da manhaja ta tanada sai da aka aika Zariya aka sayo su, zango ya kusa rabi kafin su iso.